Shafi uku sun ba ni amsa uku a lissafin bututun manja, wanne zan ɗauka?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah injiniyoyin da ke gidan nan ku taimaka min. Na gama jami'ar KNUST ɓangaren kemikal injiniyarin, yanzu ina sabis, wato bautar ƙasa, a wani ƙaramin kamfanin sabulu nan Kumasi, ba sai na faɗi suna ba. Manaja ya ce in yi masa lissafin bututu da famfon da za su riƙa tura manja daga babban tankin ajiya zuwa tankin da ke sama kusa da tukwanen dafa sabulu, saboda yanzu durom yara ke ta mirginawa suna ɗorawa, man na zuba ƙasa ga santsi ga asara, rannan har wani ya zame ya bugu a ƙugu.

Ga abin da ke hannuna. Ana son kubik mita 6 a awa. Tsawon layin mita 80, tankin sama kuma ya ɗara na ƙasa da mita 7. Bututun ƙarfe mai inci 2 muke da shi a sito, shi manaja yake so a sa don kar a kashe kuɗin sabo. Man a digiri 40 na ɗauki kaurinsa sentipoyis 40 (shi ne ma'aunin kaurin mai), nauyinsa kilo 900 a kowace kubik mita.

Toh na shiga intanet in ga nawa firesha za ta ɓace a hanya. Shafi na farko na zuba masa komai ya ba ni bar 0.29. Na biyu ya ce in sa lambar gogayya da kaina, na buɗe littafin darasina na aji na ga 16 a raba da lambar Reynolds, na sa, ya ba ni 0.07. Na uku shi ko bai ma tambayi kaurin mai ba, faɗin bututu kawai da tsawo da wata lamba C da na tarar an sa 120 na bar ta haka, ya ba ni 0.14. Mai ɗaya bututu ɗaya amsa uku, kuma ta farko ta ninka ta biyu har sau huɗu. Wlh abin ya dame ni don ranar Litinin manaja zai aika Accra a yi farashin famfo, kuma kuɗin mutane ne ba nawa ba. Wanne ne daidai? Kuma gaba ɗaya ma waɗanne shafuka kuke yarda da su a irin wannan aikin? Na gode.

Injiniya Tema:

Wa alaikumussalam ƙanina. Ka kwantar da hankalinka, amsoshin nan uku kowacce akwai inda ta fito, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya da biro da takarda, minti goma ya isa.

Bututun inci 2 in mai shedul 40 ne, wato lambar da ke nuna kaurin ƙarfensa, cikinsa milimita 52.5 ne. Kubik mita 6 a awa a wannan faɗin gudun man zai kama mita 0.77 a sakan. Lambar Reynolds kuma, mai nuna ko man a natse yake tafiya ko a hautsine, nauyi sau gudu sau faɗi a raba da kauri, wato 900 sau 0.77 sau 0.0525 a raba da 0.04 (sentipoyis 40 ɗin nan ne a raba da 1000), ya kama wajen 910. Duk abin da ke ƙasa da 2100 man a natse yake tafiya babu hautsinewa, don haka ba ka bukatar jadawalin Moody ko fomular Colebrook a nan, sai a gudu mai hautsini ake bukatarsu. A gudu natsattse lambar gogayya ta Darcy ita ce 64 a raba da Reynolds, 0.070 ke nan. Ka ninka ta da tsawo bisa faɗi, 80 a raba da 0.0525, sannan ka ninka da rabin nauyi sau gudu sau gudu, za ka samu wajen faskal 28,600, shi ne bar 0.29. Shafin farko ya yi daidai.

Na biyun ba laifin shafin ba ne kuma littafinka ma bai yi ƙarya ba. Lambar gogayya iri biyu ce a duniyar nan, ta Darcy da ta Fanning, kuma ta Darcy ninki huɗu ce ta Fanning. Mu 'yan kemikal a aji yawanci Fanning ake koya mana, 16 bisa Reynolds, su kuma 'yan makanikal da sibil da Darcy suke aiki, kuma dukansu harafin f suke rubutawa, shi ya sa abin ke cin mutane kullum. Shafin Darcy yake jira ka ba shi Fanning. Ka raba 0.29 gida huɗu ka gani, 0.07 za ta fito.

Na ukun shi ne ya fi ba ni tsoro. Duk inda ka ga C kuma ba a tambayi kauri ba, to Hazen-Williams ce, kuma wannan fomula don ruwa kawai aka yi ta, ruwan famfo mai sanyin yau da kullum. Tana da kyau ga masu shimfiɗa layin ruwan sha, amma manja da ya fi ruwa kauri wajen sau 40 ba hurumin ta ba ne sam. Shafin ba zai ce maka kul ba, lamba kawai zai miƙo maka da ɗigo da komai kamar gaske.

Shi ya sa ni doka ɗaya nake bi, shafin da bai rubuta fomular da yake aiki da ita a fili ba, bana amfani da shi ko da kyauta ne ko da ya yi kyau a waya. In ya nuna fomula sai in gwada shi da lissafin da na riga na san amsarsa, in ya ci sannan in ba shi sabon aiki.

Sannan ka auna bututun nan na sito da kanka kafin komai. Inci 2 suna ne kawai, bayansa milimita 60.3 ne, cikinsa ya danganta da kaurin ƙarfen. A gudu natsattse asarar firesha ana raba ta ne da faɗi sau faɗi sau faɗi sau faɗi, ƙaramin kuskure babba yake zama. In ka sa 60.3 amsar za ta ragu da kashi 43 cikin ɗari, in ka sa 50.8 don ka ce ai inci biyu ke nan za ta ƙaru da kashi 14. In kuma aka ce a sauko inci ɗaya da rabi mai ciki 40.9, to 0.29 ɗin nan ta koma wajen 0.78.

Kuma kar ka manta da mita 7 ɗin hawa, babu ɗaya cikin shafukan da ya sa maka ita. 900 sau 9.81 sau 7 ya ba da bar 0.62, ka ga ta ma ninka gogayyar. Jimla 0.91 kafin a sa gwiwoyi da bawul da rariya.

'Yar Nima:

Slm. Yaya Injiniya ya gama magana a kan lissafin, ni ɓangaren tambayarka ta biyu zan taɓa. A wurin sarrafa abin sha nake aiki nan Accra, tururi da ruwa su ne abincina kullum, ga abin da nake buɗewa. In tebur ɗin tururi ne, Spirax Sarco da TLV duk suna da kalkuleta kyauta, su masu ƙera kayan tururi ne sun san abin da suke yi. In halayen ruwa ne ko amoniya ko furofen da buten a zafi kaza da firesha kaza, NIST Chemistry WebBook na gwamnatin Amurka, shi ma kyauta, amma kar ka je neman manja can ba za ka samu ba. Engineering ToolBox ina leƙa shi don tebura da saurin tuna fomula amma bana tsayawa a kansa shi kaɗai. In aikin ya girma har kana son ka haɗa tanki da famfo da hita a zane ɗaya ka ga yadda suke taɓa juna, ka sauke DWSIM, wani injiniya ɗan Burazil ne ya fara shi kuma kyauta ne, yana aiki ba tare da data ba, ba kamar Aspen HYSYS da kuɗin lasisinsa sai manyan kamfanoni ba.

Amma gaskiya shawarata ka gina naka a Excel. Layi goma ne fa, ka sa yunit kusa da kowace lamba, ka sa ya riƙa nuna maka Reynolds da ja in ta haura 2100. Ranar da netwok ya tsaya ko data ta ƙare kana tsakiyar fakitiri abinka na hannunka, kuma in manaja ya ce ina wannan lambar ta fito kana da abin nunawa, ba ka ce wani shafi ne ya faɗa ba. Ga kuma sirrin kamfani, ni bana son zuba adadin kayan da muke sarrafawa a shafin da ban san mai shi ba.

Abu ɗaya da ke kama mutane a kalkuletan tururi, geji da absolut. Agogon da ke jikin boila daga sifiri yake farawa a iskar waje, tebur kuma sau da yawa absolut yake nufi, bambancinsu bar 1.013. In agogo ya nuna 1.5 to absolut 2.5 ne, zafin tururin digiri 127. In ka shigar da 1.5 a gurbin absolut zai ce maka 111. Digiri 16 ka zubar, kuma da wannan tazarar ake lissafin girman kwayil ɗin ɗumama tanki. Na kawo wannan ne don na san dole maganar ɗumama man nan za ta taso. Misali tan 10 na mai daga digiri 30 zuwa 55, a ɗauki kilojul 2 kowane kilo kowane digiri, kilojul 500,000 ke nan, a raba da wajen 2180 da kilo ɗaya na tururin ke bayarwa, kilo 230 na tururi. Wannan bai haɗa da zafin narkar da wanda ya daskare ba, bai haɗa da wanda jikin tanki ke zubarwa ba, kalkuleta ba zai tuna maka su ba sai kai ka ƙara.

Sai galan. In shafin Amurka ne galan ɗinsu lita 3.785 ne, na Ingila da iyayenmu suka saba da shi 4.546. Ka mai da komai lita da mita tun farko ka huta.

Masta Suame:

Salamu alaikum. Ɗana ni ban yi jami'a ba, a Magazin na Suame, unguwar makanikai nan Kumasi, na koyi aiki, walda da haɗa bututu da gyaran famfo, yarona ne ya nuna min wannan magana ya ce in sa baki. Lissafinku ban iya shi ba amma na kwance layin manja da hannuna ba ɗaya ba ba biyu ba, don haka ga abin da idona ya gani.

Kun ce digiri 40. Wa ya ce maka man zai zauna a 40? Da rana ne wannan in an ɗumama. Ka zo da asuba cikin hunturu, Disamba ko Janairu, ka buɗe durom ka gani, manja ya yi barci, sai ka sa sanda ka caka ta tsaya da kanta. To wanda ya kwana cikin bututu mita 80 haka zai yi, ya zama kamar tuwon da ya kwana. Yaro ya zo da safe ya danna swic, mota ta yi ta gurnani babu abin da ke fita, in an yi sa'a fiyus ya yanke, in ba a yi ba kwayil ya ƙone ko sil ya fashe. An taɓa kirana wani wuri a nan garin, sabon famfo bai yi wata ba, muka kwance fulanji muka tarar da mai ya toshe shi tam, sai da muka bi layin da ruwan zafi da tsumma gaɓa gaɓa har azahar. Lissafinsu na takarda daidai ne, sanyi ne kawai ba su sa a ciki ba.

Don haka in za ku shimfiɗa layin ku ba shi gangare kaɗan, ku sa bawul ɗin zubarwa a wuri mafi ƙasa, duk yamma in an tashi a tsiyaye shi ko a hura shi da iskar kwamfuresa. Ku sa yuniyan ko fulanji, wato mahaɗin da ake iya kwancewa, kowane 'yan mitoci yadda in ya toshe ba sai an yanka da giranda ba. In da hali a bi jikinsa da ƙaramin bututun tururi ko ruwan zafi a naɗe su tare da abin rufe zafi. Gwiwa kuma a rage ta, inda za a iya lanƙwasa mai faɗi a yi.

Sannan bututun da ya daɗe a sito ka leƙa cikinsa da tocila, tsatsa da gidan zanzaro da ƙasa duk za ka samu, a wanke kafin a ɗaura, a sa rariya kafin bakin famfo. Kuma kar ka bari a sayo maka bawul ɗin tagulla irin na famfon gida don yana da araha, tagulla ba ta shiri da manja, tana sa shi saurin lalacewa ya yi wari. Na ƙarfe ko sitenles za ka ce a kawo. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama sabis lafiya.

Ɗan Aboabo:

Amin Baba, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Yaya Injiniya da Anti 'Yar Nima Allah ya saka da alheri. Na je sito da kaliba na auna, cikin 52 da ɗan wani abu ne, shedul 40 ne kenan. Na zauna na yi da hannu na samu 0.29 kamar yadda ka ce, na kuma fara Excel ɗin. Maganar Baba ta sa na gwada kauri 80 maimakon 40, gogayyar ta tashi 0.57, jimla da hawa 1.19. Tankin ƙasa yana da kwayil ɗin tururi dama, sai dai ba kullum ake kunna shi ba.

Saura famfo. Na ga wani shafin masu sayarwa da in ka sa yawan ruwa da tsayi zai zaɓo maka famfo da kansa har da zanen layin aikinsa, ya ba ni wani sentirifugal ƙarami, irin famfon nan mai farfela. In tura wa manaja wannan ɗin ko akwai abin dubawa? Kuma nawa zan ƙara saboda gwiwoyi, guda 8 ne da bawul 3.

Injiniya Tema:

Kar ka tura tukuna. Abu biyu ka duba a shafin. Na farko zanen da suke nunawa da ruwa aka gwada famfon, in mai kauri ne sentirifugal yana rasa tsayi da yawan turawa da kuma inganci, kuma ƙananan su suka fi jin jiki. Na biyu ka duba ko 60 Hz aka rubuta a ƙasan zanen. Wutar Amurka 60 ce, tamu a Ghana 50, motar da ke juyi wajen 3500 a minti can, a nan 2900 za ta yi. Gudun ya koma kashi biyar cikin shida, yawan abin da yake turawa ya sauko zuwa kashi 83 cikin ɗari, tsayin da yake iya kaiwa kuma ya sauko zuwa kashi 69, tunda shi sau biyu raguwar ke taɓa shi. Famfon da aka ce yana kai mita 15 sai ka ga 10 da 'yan kai yake yi, kai kuma bar 0.91 ɗinka a manja mita 10.3 ce tun ba a sa gwiwa ba.

Ni a wannan aikin giya famfo zan nema, mai haƙora, mai juyi a hankali. Shi kauri bai cika damunsa ba, abin da ya ɗiba shi yake turawa. Amma fa saboda haka ɗin ne yake da haɗari, in aka rufe bawul a gabansa ko layin ya toshe yadda Baba Masta ya faɗa, ba zai tsaya ba sai wani abu ya fashe. Dole a sa bawul ɗin sakin firesha a bakin fitarsa ya mai da man tanki, da agogon firesha inda mai kunnawa zai gani. Girman wannan bawul ɗin kuma ban yarda ka ɗauko shi daga kalkuletan intanet ba, mai sayar da famfon ya ba ka a rubuce, wani injiniya mai lasisi ya duba. Layin shiga famfo ya zama gajere, in da hali ya fi na fita faɗi.

Gwiwoyi kuma, lambobin K, masu nuna asarar kowace gwiwa ko bawul, da ke yawancin tebura na gudu mai hautsini ne, a Reynolds 900 sun fi haka girma, don haka in shafin yana da hanyar 2-K ko 3-K ita za ka zaɓa. Amma gudunka 0.77 ne kawai, duk abin da gwiwa 8 da bawul 3 a buɗe za su ci ba zai kai bar 0.1 ba, rariya in ta fara datti ita ce za ta fi su ci. Ka rubuta wa mai sayarwa kubik mita 6 a awa, bar 1.5, manja, kauri daga sentipoyis 25 zuwa 100, wuta 50 Hz, ka ce ya zaɓi mota da za ta iya tashi da mai mai sanyi. Ƙarfin da man kansa ke bukata wat 250 ne kacal, sauran duk na asarar cikin famfo ne da tashin safe.

Baba Masta gaskiyarsa ce kan sanyi, sai dai inda zan ƙara, babu famfon da zai tura man da ya riga ya daskare, ɗumamawa ce maganin. Ƙa'idar Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta ajiya da jigilar mai ta ce manja a tura shi a digiri 50 zuwa 55, a ɗumama a hankali da ruwan zafi ko tururi mara ƙarfi da bai wuce bar 1.5 a geji ba, don kar man da ke jikin kwayil ya ƙone. A wannan zafin kaurin ya sauko ƙasa da 30, Reynolds ta hau wajen 1400, har yanzu a natse yake, fomularka ba ta canza ba. Ka sa wannan layin ma a Excel ɗinka, sanyi da ɗumi da zafi, ka kai wa manaja duka ukun ranar Litinin tare da kuɗin naɗe bututun. In mai sayarwa ya turo takardar famfon ka ɗora hotonta nan mu duba kafin a biya.